Hannun da Aka Auna

Shafi na 19

Masu ƙorafin jinkiri su yi haƙuri. Mun tsaya a kwana na goma da faɗuwar Baba, ranar da kwamitin asibiti zai zauna a kan ƙarar da Yaya ta shigar.

*

Ƙarfe tara da kwata Yaya ta shigo ɗakin jinya da takarda a cikin fayil, ta ajiye a kan ɗan teburin gefen gado, tsakanin flas da kwanon audugar goge baki. Shekara ashirin tana aikin lauya, ba ta saba yi wa magana shimfiɗa ba.

"Auta, ga shi. Layi huɗu ne. Ka karanta ka sa hannu."

Auta ya ɗauka. Shekarunsa arba'in da ɗaya, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, yana da mata da 'ya'ya uku, amma a gaban wannan gado sunansa bai wuce Auta ba.

Takardar ta ce shi ne mai kula da awon jinin mahaifinsa a gida. Ta ce tun daga huɗu ga watan Nuwamba yana ɗaura wa mahaifinsa na'urar awo kowace safiya. Ta ce na'urar da kanta take aika sakamako zuwa manhajar asibiti, ba wanda ke rubutawa da hannu. Layi na ƙarshe ya ce, saboda haka, in abin da ya isa teburin Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke duba sakamakon, ya saɓa wa halin da majinyaci yake ciki, to kuskuren a teburinta yake.

"Ka gama?"

"Ina dubawa."

"Layi huɗu kake dubawa kamar takardar jarrabawa? Ba maki na ce ka ba ni ba."

"Ku sassauta murya," in ji Umma, tana gyara wa Baba matashi. "Bakinsa ne ya ƙi, kunnensa yana nan."

Baba yana kwance, ɓarin hagu ya shanye, leɓe ya karkace. Idonsa na dama ne kaɗai ke aiki kamar da, kuma a kan Auta ya tsaya.

Yaya ta sassauta muryar, amma ba ta sassauta maganar ba.

"Ka yi tunani da kanka, kai ne mai lissafi. Ranar da ya faɗi, da safe waya ta ce jininsa ɗari da sha takwas bisa saba'in da shida. Da la'asar aka kawo shi nan yana ɗari biyu da goma. An gwada na'urar, lafiyarta ƙalau. Saura me? Matar nan ta haɗa bayanan Baba da na wani, ta kai wa likita, likita ya cire masa magani. Sati uku yana yawo babu kariya."

"In suka same ta da laifi, me za su yi mata?"

"Su sallame ta, su kai sunanta hukumar da ta ba ta lasisi."

"Ta kusa ritaya, Yaya."

"Baba ma ya yi ritaya. Dube shi."

Wayar Auta ta yi motsi a aljihu. Ya ciro. Saƙo ne daga Sista: Malam, in babu damuwa, ka leƙo ofishina kafin sha ɗaya.

Ya ajiye takardar, ya ce zai je ya dawo.

"Sha biyu za a zauna," in ji Yaya. "Kada ka sa in neme ka."

*

Daga ɗakin jinya zuwa ofishin Sista, baranda ce doguwa da matakala hawa biyu. Auta ya taka su kamar mai ɗauke da buhu.

Ya san ranar da abin ya fara, domin bai taɓa mantawa da kwanan wata ba. Takwas ga Janairu.

Baba tsohon malamin asibiti ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana auna jinin mutane da tsohon ma'auni mai zaiba a cikin gilashi, yana matsa roba da hannu, yana saurare da kunne. Da Yaya ta aiko da sabuwar na'ura mai haɗuwa da waya, ya juya ta gaba da baya, ya tambayi inda kunnenta yake.

"Ba ta da kunne, Baba."

"To ba ta da ilimi. A shekarar dubu ɗaya da ɗari takwas da casa'in da shida aka ƙirƙiro ɗamarar nan. Bayan shekara tara wani likitan soja ya ɗora kunne ya saurara. Tun daga ranar, awon jini aikin kunne ne. Yanzu an kawo mini kurma ta gaya mini lafiyata."

Wanzami ba ya son jarfa. Wata biyu Auta ya yi yana lallashi kowace safiya kafin ya wuce makaranta. Wani lokaci Baba ya miƙa hannu, wani lokaci sai an kai ruwa rana. Ita kuwa manhajar ba ta san lallashi ba. In ƙarfe takwas ta yi ba a auna ba, sai alama ta koma ja, saƙo ya tafi teburin Sista, wani ya tafi wayar Yaya a can garin da take aiki. Yaya kuma ba ta san ana cikin aji ba. Sau uku ta kira shi yana gaban allo, ta tambaye shi ko minti biyu sun fi ƙarfinsa a kan uban da ya haife shi.

Ranar takwas ga Janairu Baba ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya ce yau ko an taru ba za a matse shi ba. Bakwai saura minti goma, Auta yana da darasin farko. Umma tana kicin.

Baba ya dube shi, ya yi dariya.

"Kai ba ka da hannu ne? Hannu take so. Ba ta, mu huta."

Da wasa ya faɗa, da wasa Auta ya naɗe hannun riga. Na'urar ta hura, ta saki, alama ta koma koriya. Kafin ya isa makaranta Yaya ta turo saƙo: Ka ga abin da nake faɗa? In ka so, kana iyawa.

Ya yi niyyar kwana ɗaya. Amma sabo turken wawa. Da aka yi sati, abin ya zama raha tsakanin uba da ɗa. Baba yakan zauna a kujerarsa, rediyo a cinya, ya dubi Auta da ɗamara a dantse, ya ce, "To, malam, yau nawa jinina?" Auta ya karanta masa. Baba ya gyaɗa kai. "Madalla. Ina samun sauƙi."

Tun rasuwar ƙanin Baba, ba a ji dariyarsa a gidan kamar ta waɗannan safiyoyi ba. Da wannan Auta yake rufe bakin zuciyarsa.

Sau biyu manhajar ta turo gayyata a kawo majinyaci asibiti a duba shi ido da ido. Sau biyu Auta ya danna a ɗaga. Sannan ranar biyu ga Maris saƙon likita ya shigo: jini ya sauka sosai, ga mai shekaru irin na Baba akwai tsoron jiri da faɗuwa, a daina ba shi ƙaramar farar ƙwaya. Auta ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya karanta wa Baba.

"Ka gani? Tun yaushe nake cewa ƙwayoyin sun yi yawa."

Kira ɗaya ya isa ya gyara komai a wannan safiya. Auta ya duba agogo, ya sa ɗaya takalmin.

*

Ofishin Sista ɗaki ne siriri, tebur ɗaya, kwamfuta biyu, taga mai kallon wurin ajiye motoci. Kwamfutocin a kashe suke. Tun da aka shigar da ƙara aka rufe mata hanyar shiga, aka ba wata aikinta. Tana zaune da farin kayanta a goge, takardu a jere a gabanta, tabarau a kan hanci.

"Malam, shigo. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya haɗiyi ruwa yau?"

"Cokali uku."

"Jiya biyu ne. Allah ya ƙara sauƙi. Zauna."

Ya zauna a bakin kujera.

"Ba roƙonka zan yi ba, kada ka ji tsoro. Na tsufa da durƙuso. Abu nake so in nuna maka, tun da kai mutumin lambobi ne."

Ta juyo masa da takarda ta farko. Layuka ne, kowace rana da layinta: kwanan wata, lokaci, awon jini, bugun zuciya. A ƙarshen kowane layi akwai ɗan tauraro.

"Nuwamba da Disamba ke nan. Ka ga tauraron nan? Zuciyar Baba tana tsallake. Ta buga, ta buga, ta yi shiru, ta rama. Shekara shida ke nan a fayil ɗinsa. Duk ranar da na'ura ta ji haka, sai ta sa tauraro. Ka ga lokacin awo kuma? Yau bakwai, gobe bakwai da rabi, jibi takwas saura. Awon tsoho mai gardama."

Ta ɗora ta biyu a kai.

"Daga takwas ga Janairu. Ina tauraro?"

Auta ya sunkuya kan takardar.

"Ya ɓace. Lokaci kuma ya daidaita kamar ƙararrawar makaranta, bakwai saura minti goma. Bugun zuciya sittin da huɗu, sittin da biyu, sittin da huɗu. Ni kuwa, sakarya, na ce magani ya karɓe shi. Har na nuna wa abokan aikina. Na ce ku zo ku ga tsohon da ya fi samari."

"Sista…"

"Bari in gama, saura ɗaya. Sha tara ga Fabrairu zuwa ashirin da ɗaya. Bugu ya haura ɗari da huɗu, kwana uku a jere. Na kira lambar da ke fayil. Ka tuna?"

Ya tuna.

"Na ce, Malam, Baba yana zazzaɓi ne? Ka ce mini lafiyarsa ƙalau, yana waje yana sauraron labarai. Kana faɗa kana tari a kunnena, muryarka kamar an ja buhu a ƙasa. Har na ce maka ka sha magani kai ma. Kwana goman nan da aka zaunar da ni ba aiki, babu abin da nake yi sai duba takardun nan. Shekaranjiya na iso wannan layi, sai tarin nan ya dawo mini."

Ta cire tabarau, ta ajiye.

"Na haura sama, na roƙi mai jinyar ɗakinku ta bar ni in riƙe wuyan hannun Baba. Zuciyarsa tana nan tana tsallakenta. Ba ta taɓa dainawa ba."

Wata mota ta tashi a waje. Auta ya dubi tafin hannunsa.

"Hannuna ne," ya ce.

"Na sani."

"Ya ƙi ne. Kullum sai ya ƙi. Ni kuma…"

"Na san irinsu. Ba wanda ya kai ma'aikacin lafiya wuyar jinya. Ni ma in na kwanta, sai an ɗaure ni."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"In ce me? Takarda ba ta da fuska, Malam. Yayarka za ta tashi ta ce, ga shi nan, bayanan wani ne, abin da nake faɗa ke nan. Kuma gaskiyarta, bayanan wani ne. In na ce na ɗansa ne, za a ce mai laifi ce ke neman wanda za ta rataya wa. Tari a waya ba hujja ba ne."

Ta tattara takardun, ta daidaita gefensu a kan tebur.

"Kuma ni ma ba wankakkiya ba ce. Ƙa'ida ta ce kada a taɓa magani sai an ga mutum da ido. Na gayyace ku sau biyu, aka ɗaga. Mutum ɗari huɗu da sha biyu ne a kan allona. Masu ja nake bi, su ne ke hana ni sakat. Mai kore kuwa, sai in ce alhamdu lillahi in wuce. Na kai wa likita ba tare da na ga Baba ba. Wannan nawa ne, zan faɗa da bakina, a yi mini hukuncinsa. Amma ban haɗa fayil ɗin kowa da na kowa ba. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa yi ba. Ba na so in fita daga gidan nan da sunan abin da ban aikata ba."

"In na faɗa, Yaya ba za ta sake duban fuskata ba."

"Mai yiwuwa."

"Umma ba ta sani ba."

"Za ta sani."

"Za a ce ni na kwantar da shi."

Sista ta mayar da tabarau kan hanci.

"Wannan ba zan iya ɗauke maka ba. Da zan iya, da na ce maka ƙarya ne. Je ka, Malam, kada a neme ka."

*

Da ya koma ɗakin jinya, Yaya ta riga ta wuce sama da fayil ɗinta. Umma ta fita wanke kwanuka. Baba ne kaɗai, da ƙarar digon ruwan da ake ƙara masa.

Auta ya ja kujera, ya sunkuya kusa da kunnen dama.

"Baba, Sista ta gane."

Idon ya juyo.

"Za su kore ta a kan abin da muka yi." Ya tsaya, ya gyara. "Abin da na yi. Kai wasa ka yi. Ni na san ba wasa ba ne tun ranar da aka cire ƙwayar."

Leɓen Baba ya motsa, sauti ya fito wanda ba kalma ba.

"Zan faɗa. Ba zan ambaci cewa kai ka ce ba. Zan ce kana barci nake yi."

Hannun dama ya taso daga kan zanen gado a hankali. Ya wuce tafin Auta, ya wuce gwiwar hannu, ya kama dantsen hagu, daidai inda ɗamara take zama. Ya matsa. Tsohon da bai iya riƙe cokali ba ya matsa har Auta ya ji zafi.

"Baba, in faɗa ne, ko kada in faɗa?"

Hawaye ya gangaro daga idon dama zuwa cikin kunne. Hannun bai saki ba, bai kuma ƙara matsawa ba.

Umma ta shigo da kwanuka a hannu, ta tsaya.

"Ikon Allah. Yau har riƙo yake yi? Ka ga ɗan gidansa. Ni da nake kwana a kujera ko yatsa bai ba ni ba." Ta ajiye kwanukan tana murmushi. "Tashi ka je, yayarka za ta cinye mu. Ka gaya musu gaskiya, ka ji? Kai ka san wahalar da ka sha kowace safiya. Allah ya yi maka albarka."

Auta ya zare yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya. Bai iya cewa amin ba.

*

A gaban ɗakin taro akwai dogon benci. Sista tana zaune a can ƙarshensa, jakarta a cinya. Yaya tana wannan ƙarshen, tana duba agogo. Sha biyu saura minti goma.

"Sai yanzu? Ungo." Ta miƙo masa biro da takardar, ta tallafe ta da fayil. "Nan, ƙasan layi."

"Ba zan sa ba, Yaya."

"Me ka ce?"

"Abin da ke ciki ba gaskiya ba ne."

Yaya ta dubi ƙarshen benci, ta dawo da ido kansa.

"Wurinta ka je? Me ta gaya maka? Ta yi maka kuka? Auta, tun kana yaro haka kake, kowa ya zubar da hawaye sai ka ba shi rigarka."

"Ba ta yi kuka ba. Ba ta haɗa fayil ɗin kowa ba. Bayanan wani ne, kamar yadda kika ce. Nawa ne."

"Naka kamar yaya?"

"Baba yana ƙin awo. Ni nake ɗaura na'urar a hannuna don alama ta koma koriya. Jinina likita ya gani ya cire masa magani."

Bai taɓa ganin fuskar yayarsa haka ba. Ya yi tsammanin tsawa, har ya shirya mata. Amma muryar da ta fito ƙasa-ƙasa take.

"Ranar da aka ce a cire ƙwayar, ka sani?"

"Na sani."

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru."

"Kwana goma ina yawo ofis-ofis, ina rubuta takardu, ina tsayar da mutane a baranda. Kana biye da ni kana riƙe mini jaka."

"Haka ne."

"Kana zaune gefen gadonsa Umma tana sa maka albarka."



Yaya ta mayar da murfin biro, ta sake cirewa.

"Ka saurare ni. Ba za ka shiga ɗakin nan ka faɗi wannan ba. Zan ce shaidana ba shi da lafiya, a ɗaga zama. Mu koma gida mu yi magana."

"In aka ɗaga, ita tana nan a rataye."

"Ita ma ta karya ƙa'ida."

"Ta ce za ta faɗi nata. Ni ma zan faɗi nawa."

"Ka san abin da zai biyo baya? Za su buɗe komai, rana ɗaya-ɗaya. Za su tambaye ka tun yaushe, sau nawa."

"Na san amsar. Kwana saba'in da ɗaya."

"Saba'in da biyar."

Daga ƙarshen benci maganar ta fito. Sista ba ta ɗago kai ba, tana buɗe jakarta.

Auta ya juya. Ko a wannan hali, lamba in ta karkace sai ta dame shi.

"A'a, Sista. Daga takwas ga Janairu zuwa ashirin da uku ga Maris, ranar da ya faɗi, kwana saba'in da biyar ne, gaskiya. Amma a cire huɗu. Daga goma zuwa sha uku ga Fabrairu ba na gari, an tura mu gyaran jarrabawa. Waɗannan awon Baba ne na gaske."

Sista ta zaro takarda ɗaya, ta taso, ta miƙa masa. Ta sa yatsa a kan layuka huɗu.

"Abin da na kasa warwarewa ke nan, shi ya sa ban nuna maka ɗazu ba. Na ɗauka gajiya ce ta kama ka a kwanakin. Duba. Ɗari da talatin bisa tamanin da biyar. Bugu tamanin da takwas, casa'in, tamanin da takwas. Ba zuciyarka ba ce, taka ba ta gudu haka. Amma babu tauraro ko ɗaya, Malam. Ba ta Baba ba ce."

Auta ya bi layukan da ido, sau biyu.

"Wa kuka bari da shi a kwanakin?" in ji Sista.

Umma ba ta iya kunna na'urar ba, ko taɓa ta ba ta yi. Matarsa tana gidansu a lokacin, wurin jinyar mahaifiyarta. Mutum ɗaya ne ya ɗauki hutu ya zo ya kwana huɗu a gidan, ya ce a bar masa komai, zai nuna yadda ake kula da tsoho.

Ya ɗago kai a hankali.

Yaya ba shi take kallo ba. Takardar take kallo, biro ya tsaya cak a tsakanin yatsunta.

"Yaya?"

"Ya rantse ba zai miƙa ba," ta ce, da muryar da bai taɓa ji a bakinta ba. "Ya ce in ba ta nawa. Kwana huɗu ne kawai. Na ɗauka a cikin wata biyar na awon gaskiya, kwana huɗu ba za su…"

Ƙofar ɗakin taro ta buɗe. Sakataren kwamiti ya leƙo da littafi a hannu, ya dubi su ukun.

"An shirya. A cikinku, wa zai yi magana da sunan iyalin majinyaci?"